FASAHAR ZAMANI DA MAƘWABCIN DA BA MU GANI

Hausawa sun ce zamani riga ne. To, rigar da namu zamanin ya ɗinka mana ita ce fasaha, watau dabarun ƙere-ƙere da na'urori waɗanda ɗan Adam ya samo ta hanyar ilmin kimiyya domin ya rage wa kansa wahalar duniya. Duk sa'ad da aka sa wannan batu a muhawarar makaranta, akan rabu gida biyu. Waɗansu su ce fasaha alheri ce, su kawo misalin asibiti da jirgin sama da wayar hannu. Waɗansu kuma su ce sharri ce, su kawo misalin bom da hayaƙin masana'antu. A yi ta tafi da sowa, a tashi kowa yana kan bakansa.

A cikin wannan ɗan rubutu zan ɗauki kogi guda ɗaya na ƙasarmu, watau kogin Haɗejiya, mu bi shi tun daga kai har gindi, mu ga abin da fasaha ta yi wa ruwansa da ƙasar da ya ke ratsawa, da kuma abin da ta yi wa halin mutanen da ke zaune a bakinsa. Abin da na ke so 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu su lura da shi shi ne wannan: na'ura ta ƙara wa hannun ɗan Adam tsawo ƙwarai, amma ba ta ƙara wa idonsa nisa ba. Yau mutum yana iya taɓa tukunyar wanda ke nesa da shi da tafiyar kwana goma a ƙasa, bai san sunansa ba, bai ma san ya taɓa ba. Alhali kuwa kunya, in ji masu iya magana, a ido ta ke.

Hanyar Kogin

Bari mu buɗe taswira tukuna, kamar yadda mu kan yi a darasin labarin ƙasa. Kogin Kano yana tasowa daga duwatsun kudancin Jihar Kano, kogin Calawa kuma yana gangarowa daga yamma. Su biyun suna haɗuwa a kudu da birnin Kano, kafin a kai Wudil, daga nan sai sunan ya koma kogin Haɗejiya. Ya miƙa arewa maso gabas, ya bi ta wajen Ringim, ya isa Haɗejiya. Da ya wuce nan sai ya tarar da ƙasa shimfiɗaɗɗiya mai tuddan yashi jefi-jefi, babu wani kwari mai zurfi da zai bi, sai ya rarrabu rassa-rassa ya bazu. A wannan yanki ne ya ke gamuwa da kogin Jama'are, wanda ya taso daga tsaunukan Jos ya ratso Jihar Bauci. Abin da ya rage bayan wannan bazuwa shi ke tattaruwa wajen Gashuwa ya zama kogin Yobe, ya wuce Gaidam, ya zama iyaka tsakanin Nijeriya da Jamhuriyar Nijar ta wajen Difa, sa'an nan ya faɗa Tafkin Cadi.

Wurin nan da ruwan ke bazuwa shi a ke kira fadamar Haɗejiya da Nguru, yau wani sashe nata yana Jihar Jigawa, wani yana Jihar Yobe. Fiye da mutum miliyan ɗaya ne ke cin abinci a cikinta, Hausawa da Badawa da Barebari da Fulani.

Yadda A Ke Zaune Da

Kafin a tare kogin, ruwa yakan fara hawa a watan Yuli, ya cika ya batse a Agusta da Satumba, sa'an nan ya riƙa ja da baya sannu sannu har rani ya shiga. A shekarun 1960 da farkon na 1970, in damina ta yi kyau, malalar takan rufe fili fiye da murabba'in kilomita 2,000.

Abin sha'awa a nan shi ne ƙasa ɗaya takan ciyar da mutum uku a shekara guda. Manomi yakan shuka shinkafa kafin ruwa ya hau, ta tashi tare da shi, ya yanke ta da kaka. Kifi kuwa a lokacin malala ya ke shiga cikin ciyawa ya yi ƙwai, 'ya'yansa su yi girma a inda abinci ya ke da yawa. In ruwa ya soma janyewa sai masunci ya fito da komarsa da gorarsa, ya kama tarwaɗa da karfasa da ƙurungu, a banda, a kai kasuwa. Inda ƙasa ta riƙe danshi sai a sake shuka wake da kuɓewa. Da rani ya yi tsanani, daji ya bushe, sai Bafillatani ya gangaro da shanunsa su ci ɗanyar ciyawa da karan gona, su bar wa mai gonar taki. Ban da wannan akwai itacen wuta da kaba da goruba da kanwa. Har tsuntsaye ma sun san wurin, gama dubban agwagin daji da ƙananan tsuntsayen bakin ruwa kan ƙetaro hamada daga ƙasashen Turai su yi hunturu a Dagona da tafkin Nguru. Wani amfanin kuma ido ba ya ganinsa: ruwan da ya kwanta wata biyu ko uku yana tsatsafewa cikin ƙasa, shi ne ke cika rijiyoyin garuruwan da ke kewaye.

Babu wanda ya rubuta wannan tsari a takarda, amma yana da dokoki. Akwai tafkunan da ba a taɓawa sai ranar da Sarkin Ruwa ya ba da izinin su, jama'a su faɗa gaba ɗaya. Akwai burtali da mashaya waɗanda manomi ba ya nomewa. Wanda ya karya doka kowa ya gan shi, gobe kuma dole ya haɗu da wanda ya cuta a kasuwa ko a wurin biki. Kada fa a ɗauka zaman nan ba shi da wahala. An sha yunwa a shekarun fari, ruwa ya sha cinye gonaki, an kuma sha yin faɗa. Amma dai mai ɓarna da wanda aka yi wa ɓarna suna ganin juna ido da ido.

Zuwan Madatsa

A zamanin Gwamna Audu Baƙo, wanda ya mulki Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, an gina madatsun ruwa da dama, babbarsu ita ce ta Tiga a kan kogin Kano. An fara aikinta a 1971, aka gama a 1974. Tsayin bangonta mita 48 ne, tsawonsa kuwa wajen kilomita 6. An gina ta don ta riƙe ruwan da in da za a ɗora shi a sikeli zai kusa tan miliyan 2,000. Ana cikin aikin sai ga babban farin nan na 1972 zuwa 1974, wanda ya hallaka dabbobi ba iyaka ya kuma kori mutane daga garuruwansu. Duk wanda ya ga wannan masifa ba zai yi mamakin murnar da aka yi da Tiga ba. A 1976 Gwamnatin Tarayya ta kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are, a 1992 kuma aka gama wata babbar madatsar a kan kogin Calawa, a ƙasar Ƙaraye.

Alherin da waɗannan ayyuka suka kawo a fili ya ke, wanda ya yi musunsa bai yi adalci ba. Daga Tiga aka jawo ruwa ta manyan magudanai zuwa Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam. Manomin da a da yakan ɗaura kayansa ya tafi cin rani da zarar an gama girbi, yanzu yana noma sau biyu ko uku a shekara a ƙofar gidansa. Alkama da shinkafa da masara da albasa suka wadata. Kura ta yi suna wajen shinkafa, daga Kwanar Gafan kuma a ke lodin tumatir a manyan motoci zuwa Ikko da sauran biranen kudu. Birnin Kano, da duk yawan jama'arsa da masana'antunsa, yana samun ruwan famfo daga matatar Tamburawa har a tsakiyar bazara, lokacin da a da kogin kan zama yashi zalla. Kuɗin makarantar da yawa daga cikinmu daga kwandon tumatir ya fito. Wataƙila ma shinkafar da mu ke rububi a kanta a ɗakin cin abinci ruwan Tiga ta sha.

Abin Da Ya Sami Na Gindi

To, amma ruwa ba ya ƙaruwa don an tare shi. Abin da aka riƙe a kai, an rage shi ne daga rabon na gindi. Tsakanin Tiga da Nguru akwai fiye da kilomita 250, saboda haka wanda ke ban ruwa a Kadawa ba shi da hanyar ganin abin da ke faruwa can.

Abu na farko, malala ta ragu. Fari da madatsu suka haɗu suka yi wa fadamar taron dangi, har ya zama a shekaru da yawa bayan an gama Tiga filin da ruwa ke rufewa bai kai rabin na da ba. Gonakin shinkafa na gefe suka bushe, kifi ya rasa wurin yin ƙwai, makiyaya suka rasa inda za su kai shanu da rani.

Abu na biyu ya fi wuyar ganewa, shi ne kuma ya fi koya mana darasi. Ashe lokacin da ruwa ke zuwa yana da muhimmanci kamar yawansa. A da kogin yakan zo da ƙarfi da damina ya share laka da ciyawar da suka taru a hanyarsa, da rani kuma ya ƙafe, rana ta ƙone abin da ya rage. Madatsa ta sāke wannan hali. Ta karya ƙarfin ruwan damina, ta kuma riƙa sakin ruwa kaɗan kaɗan duk shekara saboda masu noman rani da masu famfo. Ruwa marar zurfi, marar gudu, wanda ba ya ƙafewa, shi ne abin da wata ciyawa mai suna kacalla ta ke so. Doguwa ce, takan fi tsawon mutum, kanta kamar zangarniyar gero, saiwarta kuma tana sarƙewa a ƙarƙashin laka ta yadda in an sare ta yau, ba da jimawa ba ta sake tofowa.

Kacalla ta mamaye dubban kadada na gonaki da wuraren su. Ta riƙe laka ta toshe waɗansu rassan kogin, sai ruwa ya karkata ya tafi ta reshen Marma ya nufi tafkin Nguru. Sakamakon haka sai aka sami abin al'ajabi: wani gari yana kukan ruwa ya kwanta a gonakinsa ya ƙi tashi, wani garin kuma a kan wani reshe yana kukan ko ɗigo bai iso ba. Ruwan Haɗejiya da ke kaiwa Gashuwa ya zama ɗan kaɗan, har mutanen can suka dogara galibi ga kogin Jama'are. Wannan ne ya sa duk lokacin da aka ta da maganar madatsar Kafin Zaki a kan Jama'are, wadda aka daɗe da farawa ba a gama ba, sai mutanen Yobe da Borno su ɗaga murya. In kuma damina ta yi yawa, kamar a 2001 da 2010 da 2022, ruwa ya zo ya tarar da hanya a toshe, sai ya faɗa garuruwa.

Har wa yau kacalla ta zama gidan jan baki, tsuntsun nan da ke tashi kamar hadari ya sauka a gonar shinkafa ko ta gero ya bar mai ita da kara. Yaran da ya kamata suna aji sai su wuni a gona suna kora. Ruwan da ke kwance a gindinta kuwa sauro ke hayayyafa a ciki, da katantanwar da ke ɗauke da ƙwayar cutar tsargiya.

A farkon shekarun 1990 wani masanin tattalin arziki mai suna Edward Barbier da abokan aikinsa suka yi wani lissafi. Suka ɗauki awo ɗaya na ruwa, suka duba ribar da ya ke bayarwa in an kai shi gonakin noman rani na kogin Kano, da ribar da ya ke bayarwa in an bar shi ya malala a fadama. Suka tarar ribar fadama, daga noma da kifi da itacen wuta kaɗai, ta ninka ta noman ranin sau da yawa. Ba su ma sa kiwo da ruwan rijiyoyi a cikin lissafin ba. To, me ya sa ba a hango haka tun farko ba? A ganina dalilin shi ne arzikin madatsa a tare ya ke wuri guda, ana iya kai baƙo ya gani a ɗauki hoto. Arzikin fadama kuwa a warwatse ya ke cikin kwandon kifin wannan da ƙwaryar nonon waccan da damin shinkafar wancan, ba ya shiga littafin ofis.

Ba a kogin Haɗejiya kaɗai aka ga irin wannan ba. An gama madatsar Bakolori a kan kogin Sakkwato, kusa da Talatar Mafara, a 1978. Masu noman shinkafa da masunta na gindinta suka yi hasara, manoman da aka karɓe wa gonaki kuma suka tashi neman diyya, rikicin da ya kai ga rasa rayuka da yawa a watan Afrilu na 1980.

Ƙaramin Inji Da Halin Mutum

Kada wani ya ce ai wannan aikin gwamnati ne da manyan injiniyoyi, babu ruwan talaka. Abin da madatsa ta yi a babban fili, ƙaramin inji yana yinsa a ƙaramin fili, shi kuwa a hannun iyayenmu da yayyenmu ya ke.

Ku tambayi kakanninku labarin jigo. Sanda ce doguwa a kan gwafa, da curin laka a gindinta, da guga a bakinta. Mai lambu yakan sunkuya ya ɗaga tun asuba har hantsi, abin da zai iya shayarwa 'yan fangaloli ne. Ƙarfin ƙugunsa shi ne iyakarsa, in ya gaji ruwa ya huta. Daga shekarun 1980 hukumomin aikin gona suka yaɗa ƙaramin injin ban ruwa mai shan fetur da 'yar rijiyar bututu, shirin Fadama na ƙasa da aka fara a farkon shekarun 1990 kuma ya ƙara bazu da su. Abin da jigo zai ɗebo a wuni, inji ya zuƙe shi kafin a gama karin kumallo. Wahala ta ragu, amfani ya ƙaru, wannan abin godiya ne. Amma iyakar nan da gajiya ta sa ta tafi, sai tsadar mai kaɗai ta rage mai tsawata wa mutum. Bayan an janye tallafin man fetur a 2023 manoma da yawa sun koma ga inji mai aiki da hasken rana. Ba ya hayaƙi, ba ya ƙara, amma tun da rana kyauta ce, babu abin da zai sa mai shi ya kashe shi sai hankalinsa da tausayinsa.

Ga yadda wannan ke shiga cikin hali. Na farko, inji ya rage buƙatar mutum ga ɗan'uwansa. Aikin da sai an yi gayya a da, yanzu mutum ɗaya ya isa. Wanda kuwa ba ka buƙatarsa, sannu a hankali za ka daina tambayar ra'ayinsa. Na biyu, ƙasar da ta ke da masu ita uku a shekara ta koma ta mutum ɗaya. Tun da ana iya noma fadama rani da damina, sai aka shinge ta, aka nome burtali, aka tare mashaya. Makiyayi ya zo inda kakansa ke shayarwa ya tarar da albasa. Kowannensu yana ganin shi ne mai gaskiya, daga nan sai sanda da adda. Na uku, gaggawa ta kori haƙuri. Masunci ya sami raga ta roba mai ƙananan idanu wadda ba ta ruɓewa, tana kwashe uwa da 'ya'ya. Waɗansu marasa tsoron alhaki har gamalin su kan zuba a tafki, maganin da aka yi don ƙwarin gona, kifi ya taso matacce su kwashe su kai kasuwa. Mai saye yana birni, ba za su taɓa haɗuwa ba.

Shin mutanen yanzu sun fi na da mugunta ne? Ban ga alama ba. Son kai tsohon ciwo ne. Abin da ya sāke shi ne a da mai son kai ba shi da ƙarfin yin babbar ɓarna, in ma ya yi ƙarama idon jama'a na kansa. Yanzu ƙarfi ya ƙaru, ido ya yi nisa. Hausawa na cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. A zamanin inji kuwa sau da yawa wani tsuntsu ke jan ruwa, wani can dabam ya sha duka.

Wane Ne Maƙwabci?

Tun muna ƙanana aka koya mana haƙƙin maƙwabci: kada ka juya indararonka ya zuba a gidansa, kada ka ƙoshi yana kwana da yunwa. Wannan tarbiyya tana nan da kyanta, sai dai a zuciyarmu maƙwabci shi ne wanda katangarsa ke jingine da tamu. Fasaha ta rushe wannan iyaka. In abin da na yi da ruwa a Kura yana taɓa tukunyar wani a Gashuwa, to, shi da ni mun zama maƙwabta, ko mun sani ko ba mu sani ba. Haka nan yaron da za a haifa bayan shekara talatin, wanda zai haƙa rijiya a ƙasar da mu ke zuƙe ruwanta yau, shi ma maƙwabci ne, ga shi kuwa ba shi da bakin kai ƙara. Saboda haka duk wanda aka danƙa wa na'ura, babba ko ƙarama, akwai tambayar da ta wajaba a kansa kafin ya kunna: ina wannan abu zai ƙare, a kan wa kuma?

Ina Mafita?

Babu mai hankalin da zai ce a rushe Tiga, ko a karɓe inji a mayar wa manomi jigo. Birnin Kano ba zai rayu ba, mu ma ba za mu yarda mu koma ba. Ilmin da ya gina madatsa shi ne kuma ya auna ɓarnarta, shi zai taimaka wajen gyara.

Masana sun daɗe suna ba da shawarar a riƙa sakin ruwa mai yawa daga madatsun a tsakiyar damina don a kwaikwayi malalar da, a kuma rage sakinsa a wani sashe na rani don hanyoyin ruwa su bushe kacalla ta sha wuya. An gwada makamancin wannan a arewacin Kamaru. A can an gina madatsar Maga a 1979 don noman shinkafa, fadamar kogin Lagon ta bushe, masunta da makiyaya suka watse. A 1994 aka buɗe wata hanyar ruwa da aka toshe, ruwa ya sake malala a wani sashe, ciyawa da kifi suka komo, mutane suka biyo su. A nan gida kuma, a shekarar 2000 an sa tafkin Nguru da reshen Marma cikin jerin fadamun duniya da aka yi alkawarin kiyayewa, a 2006 kuma jihohi shida da kogin ya shafa, watau Kano da Jigawa da Yobe da Borno da Bauci da Filato, suka kafa asusu guda don kula da shi. Mutanen ƙauyuka sun sha yin gayya su shiga ruwa da lauje da adda su buɗe hanyoyin da suka toshe. Masu bincike kuma suna gwada mayar da kacalla abincin dabbobi da gawayi da gas na girki. Duk waɗannan suna nuna gyara mai yiwuwa ne, in na kai ya yarda ya zauna da na gindi a tabarma ɗaya. Aikin da sauran tafiya, gama kacalla tana nan, ruwa kuma bai ƙaru ba, masu buƙatarsa ne ke ƙaruwa.

Ga iyayenmu manoma, roƙona shi ne in fangali ya ƙoshi a kashe inji, a bar wa shanu hanya zuwa ruwa, a kuma riƙa neman labarin waɗanda ke gindin kogi kamar yadda a ke neman labarin farashin taki.

Mu kuma ɗalibai, a cikinmu ne injiniyoyin gobe su ke, da malaman gona, da waɗanda za su sa hannu a takardar gina wata madatsar. Ranar da aka shimfiɗa mana taswira a tebur, kada idonmu ya tsaya a inda bango zai tsaya. Mu bi shuɗin layin nan da yatsa har ƙarshensa, mu tambayi sunayen garuruwan da ke kai, in da hali mu je mu gan su, gama gani ya kori ji. Kafin wannan rana kuwa muna iya fara koyo da famfon da a ke bari yana zuba a bayan ɗakin kwana, kowa ya wuce yana cewa ba shi ya buɗe ba.

Allah Ya ba mu ilmi mai amfani, Ya kuma ba mu idon ganin wanda hannunmu ke taɓawa, amin.